Gani Ya Kori Ji: Wasan Kwaikwayo da Koyar da Kimiyya a Ƙasar Rima



'Yan uwana matasa, maganar da nake son mu tattauna a yau, da jin ta wani zai ce ba ta shafe mu ba. Magana ce a kan gidajen baje kolin kimiyya, da yadda ake amfani da wasan kwaikwayo a cikinsu don ilmantar da masu ziyara, alhali kuwa duk faɗin Wurno da Rabah da Goronyo babu irin wannan gida ko guda ɗaya. To amma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni sannu a hankali. Abin da nake son nunawa shi ne, kayan da wasu ƙasashe ke kashe maƙudan kuɗi su tara a cikin gini, mu muna da su a shimfiɗe a fili, masu iya wasan ma muna da su tun kaka da kakanni. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa biyun wuri guda. Rashin haɗa su kuwa yana ci mana dukiya, wani lokaci har da rayuka, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Me ya kai 'yan wasa gidan kimiyya?

Gidan baje kolin kimiyya, wanda daga nan zan riƙa kira gidan kimiyya don taƙaitawa, ɗan uwan gidan tarihi ne. Bambancinsu shi ne, a maimakon takubba da sulke da tsofaffin takardu, a nan injuna ake ajiyewa, da na'urori, da ƙasusuwan dabbobi, da duwatsu, da siffofin taurari, domin mai ziyara ya fahimci yadda abubuwa ke aiki. Dukkansu biyu cuta ɗaya ke damunsu, wato shiru. Ina iya tuna lokacin da aka kwashe mu muna 'yan makaranta aka kai mu wani gidan tarihi a wani babban gari. Muka shiga a jere, muka tarar da kaya a cikin akwatunan gilashi, kowane da 'yar takarda a gefensa an rubuta sunansa da shekararsa. Muka zaga muka fito. Da aka tambaye mu washegari abin da muka gani, yawancinmu labarin motar da ta kai mu muka iya bayarwa. Kayan nan na da labari mai daɗi a cikinsu, sai dai ba su da bakin faɗa, takardar da ke gefensu kuma ba ta amsa tambaya.

Masu kula da gidajen kimiyya a ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe da lura da wannan matsala. Tun a 1825 aka fara gabatar da laccocin ƙarshen shekara ga yara a wata cibiyar kimiyya da ke Landan, kuma masanin nan Michael Faraday ya shahara a cikinsu, har ya taɓa yin laccoci shida a kan kyandir guda, yana kunna shi a gaban yara yana nuna musu abin da ke ci da abin da ke fita daga harshen wutar. Wannan nuni ne, bai kai ga wasan kwaikwayo ba tukuna. A shekarar 1971 gidan kimiyya na jihar Minnesota a Amurka ya fara sa 'yan wasa su yi wasa a tsakiyar kayan da aka baje. A shekarun 1980 gidan kimiyya na Landan ya bi sahu, inda mai ziyara kan ci karo da mutum cikin tufafin wani zamani, yana magana a matsayin masani ko matuƙin jirgi ko ma'aikacin da ya taɓa aiki da injin da ke gabansu. Zuwa farkon shekarun 1990 har masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa.

Yadda abin yake, wasan gajere ne, bai cika wuce minti ashirin ba, kuma sau da yawa ɗan wasa ɗaya ne ko biyu. Babu labule, babu tazara tsakaninsa da masu kallo. Wani lokaci yakan ba da labarin yadda aka gano wani abu, wani lokaci ya kira yaro daga cikin taro ya riƙe masa kayan gwaji, wani lokaci kuma 'yan wasa biyu su yi gardama a kan wata matsala, sannan su juyo su tambayi jama'a wa ya fi gaskiya.

Misalin da ya fi kusa da zukatanmu shi ne baje kolin nan mai suna 1001 Inventions, wanda ya tattaro gudummawar da masanan daular Musulunci suka bayar a fagen kimiyya. An fara shi a Manchester a 2006, sannan aka buɗe babbansa a gidan kimiyya na Landan a 2010, daga nan ya wuce Santambul da New York da Abu Dhabi da wasu biranen. A ƙofar shiga akwai ƙaton agogon giwa da aka ƙera bisa zanen Al-Jazari, injiniyan da ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, wanda a ciki ya bayyana har da injunan ɗaga ruwa daga kogi zuwa gona. Akwai ɗan gajeren fim da Ben Kingsley ya fito a matsayin Al-Jazari, kuma a wuraren da baje kolin ya zaga an riƙa sa 'yan wasa su yi shigar masanan da, suna hira da yara gaba da gaba. Matashi Musulmi da ya saba jin sunayen nan a bakin masu lacca kawai, sai ga shi yana yi wa wani mai rawani tambaya a kan yadda ruwa ke juya ƙafar inji, ana kuma ba shi amsa.

A nawa fahimtar, dalilai uku suka sa wannan dabara take ci. Na farko, ɗan wasa yana ganin fuskar mai kallo. In ya ga ba a gane ba sai ya sake salo, abin da allo ko talabijin ba za su iya ba. Na biyu, labari yana jera ilimi a kan tsarin da aka same shi tun farko: ga matsala, ga wanda ya gwada ya kasa, ga yadda ya sake gwadawa har ya dace. Ita kimiyya ai haka ta samu, littafin makaranta ne ke ba mu sakamakon ya ɓoye mana wahalar. Na uku, mutum ba ya son a ce masa bai sani ba, amma in ya ga wani a dandali yana tafka irin kuskurensa, zai yi dariya ya gyara a ransa ba tare da ya ji kunya ba. Hausawa sun riga kowa sanin wannan, shi ya sa suka ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Gadon da muke da shi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe. Da azumi ya kwana goma, yara da samari kan fita gida-gida da dare, wani ya yi gemun auduga, wani ya cusa tsumma a ciki. A cikin wasannin tashe akwai na Jatau mai magani, inda yaro kan yi shigar mai magani, ya baje saiwoyi da sassaƙe da ganyaye, yana ɗaga kowane yana faɗin sunansa da cutar da yake yi wa magani, 'yan amshi suna karɓa masa. Ina yaro ban ɗauke shi komai ba sai abin dariya da neman sadaka. Daga baya na gane cewa sunayen itatuwa da yawa da na sani, a bakin Jatau na fara jin su. Idan aka duba da kyau, ga kayan baje koli, ga ɗan wasa, ga masu kallo suna koyo suna raha. Abin da Minnesota ta fara a 1971 ke nan, mu kuwa muna yin sa a ƙofar gida da fitilar ƙwai.

Haka kuma a nan ƙasar tamu, tsakanin Sakkwato da Wurno, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa mace mai hankali a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle, ta koya mata waƙoƙin ilimi, ita kuma ta koma ƙauye ta koyar da mata. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, amma darasinsa ɗaya ne da wanda muke magana a kai: Nana ta san cewa takarda ba za ta kai kanta ƙauye ba, sai an sami mutum mai murya, mai shigar da za a gane shi da ita, ya ɗauke ta ya kai.

A zamanin boko ma ba a bar mu a baya ba. Abubakar Tunau, mutumin lardin Sakkwato, ya rubuta Wasan Marafa, wanda aka buga a 1949, kuma jigonsa tsafta ne da kiwon lafiya. Sannan ga Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya hau sarautar garin a 1934, daga baya kuma ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Jami'ar da ya kafa a Zariya a 1962, mai ɗauke da sunansa, ita ce ta zama cibiyar abin da ake kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. Malamai irin su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka, kamar Soba a 1977 da Maska a 1979. Sukan zauna da mutanen gari su saurari abin da ke damunsu, su shirya wasa a kai, su yi shi a dandali, sannan a zauna a tattauna mafita. Ke nan gwanintar tana nan a Arewa, an gwada ta shekara da shekaru, kuma jami'ar ɗan Rabah ce ta raine ta.

Gidan kimiyyar da ba shi da rufi

Yanzu bari mu juya ga kayan baje kolin. Babba a cikinsu ita ce madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan gulbin Rima. An kammala gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, don noman rani da shan mutanen Sakkwato da Birnin Kabi. A watan Satumban 2010, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ta cika, ruwa ya kwararo ya cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har ya yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma sai aka wayi gari ruwan madatsar ya janye har ya rage kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. Shekara takwas ce tsakanin ambaliya da ƙafewa, a madatsa ɗaya. Na sha zama a majalisa ana maganar waɗannan shekaru biyu, kowa da irin bayaninsa, amma da wuya ka sami wanda zai iya faɗa maka dalla-dalla me ya sa ake buɗe ƙofofin madatsa, ko ina ruwan ya tafi. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan wannan gini, ba a taɓa zaunar da su an nuna musu yadda yake aiki ba.

To a nan ne nake ganin wasa zai yi abin da lacca ta kasa. Mu ɗauki adadin nan na miliyan 942. In ka faɗe shi a taro, babu wanda zai ji komai a jikinsa. Amma a ce ɗan wasa ya shigo da akwati mai tsawon mita ɗaya ta kowace fuska, ya sa yara su ƙirga jarka nawa mai lita 25 za ta cika shi, su tarar 40 ce, sannan ya ce musu irin wannan akwati miliyan 942 ke bayan ginin can. Daga nan sai wasa ya fara. Ga tsohuwa Rima tana kawo ruwa a ƙwarya, ga Ma'aji yana karɓa yana zubawa a daro mai toshe a gindi, ga kuma wani baƙo mai suna Laka da ke biyo tsohuwa kullum yana cewa, “Ni baƙo na, kwana guda za ni yi in wuce,” amma in ya shiga daro ba ya fita. Kowace damina daro na ƙara cika da yashi, wurin ruwa na raguwa. Ran da tsohuwa ta zo da ruwa mai yawa, daro ya cika nan da nan, dole Ma'aji ya zare toshe, domin madatsar da aka gina da ƙasa in ruwa ya bi ta kanta zai zaizaye ta ta fashe gaba ɗaya. Shekarar da tsohuwa ta zo da kaɗan kuma, kafin bazara daro ya bushe. Sai a tambayi masu kallo: daga ina Laka yake fitowa? A nan ne maganar sare itatuwa da zaizayar ƙasa a can sama za ta fito daga bakinsu da kansu. Manomin da ya ga wannan, ran da aka yi shelar za a saki ruwa, zai san abin da ake nufi, ya kwashe iyalinsa da wuri. Mutanen Rabah ma labarin ya shafe su, domin gulbin Sakkwato da ke ratsa fadamarsu sai ya biyo ta madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, kafin ya iso gare su.

Misali na biyu ya fi ciwo. A watan Agustan 2025 wani kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Irin wannan haɗari ba baƙo ba ne a gulaben Arewa, kuma lodin da ya wuce ƙima na daga cikin abubuwan da aka fi ambata a kansa. Ƙa'idar da ke riƙe jirgi a kan ruwa mai sauƙi ce: jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa da na kayan da ke cikinsa, duk abin da aka ƙara sai ya ƙara nutsa, in bakinsa ya kusa ruwa kuwa ƙaramar igiya ta isa ta cika shi. Kuma in mutane suka miƙe tsaye ko suka karkata gefe guda, nauyi ya hau sama, jirgi ya fi saurin juyewa. Ana koyar da wannan a sakandare da alli, a rubuta a jarrabawa a manta. Amma a kawo daro cike da ruwa ranar kasuwa, a ɗora ƙwarya a kai, a sami mai yin matuƙi yana kiran fasinja yana cewa, “Ku shigo, akwai wuri, jirgin ga bai taɓa nutsewa ba,” yara suna saka duwatsu ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna kallon bakin ƙwarya yana sauka har su fara ihun “Ya isa!” da kansu. Wanda ya taɓa yin wannan ihu a dandali, bakinsa zai fi saurin buɗewa a bakin gulbi, kuma in an miƙa masa rigar kariya ba zai ce nauyi ta yi masa ba.

Na uku ita ce tsargiya, cutar da ke bin duk inda ruwa ke kwanciya, kamar tafkuna da hanyoyin ban ruwa. A wasu ƙauyuka har yanzu akan ɗauki fitsarin jini a wurin yaro namiji a matsayin alamar girma. Gaskiyar lamarin ita ce, ƙwan tsutsar yana fita ne a fitsarin mai cutar, in ya shiga ruwa ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, ya girma a can, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Zagaye ne mai tasha huɗu, kuma yara huɗu sun isa su kwaikwaye shi, ɗaya Ƙwai, ɗaya Katantanwa, ɗaya Tsutsa, ɗaya Mai Wanka, suna miƙa wa juna jan zare. Sai a ce wa masu kallo su nuna inda za a yanke zaren. Wani zai ce a daina fitsari a ruwa, wani ya ce a je asibiti a karɓi magani, kuma duk sun faɗi daidai.

Na huɗu na Wurno ne, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗinsa, inda ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yake har yau. Da yawa daga cikinmu mun san shi a matsayin sarki kuma mayaƙi, kaɗan ne suka san ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci, har da maganin ciwon ido da na basir. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, ya rubuta yadda ya nuna wa Bello kayan auna taurari da ya zo da su, ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Da ya dawo karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo masa har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. A ce wani ɗan wasa ya fito a matsayin almajirin da ke riƙe da tawada a fada ranar, yana ba yara labarin abin da idonsa ya gani. Daga nan ya shigar da su zaure, a toshe ko'ina ya yi duhu, a bar 'yar ƙaramar huda a ƙofa, su ga hoton waje ya faɗo a bango a kife. Wannan shi ne gwajin ɗakin duhu da Ibnul Haisam ya yi bayaninsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, yana nuna cewa haske a miƙe yake tafiya. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar ko sisi. Yaron da ya fito daga zauren nan ba zai ƙara ɗaukar kimiyya a matsayin kayan baƙi ba.

Iyakokin da ya kamata a kiyaye

Na san akwai ɗan uwan da zai ji ƙyamar kalmar wasan kwaikwayo, saboda abin da ya gani a wasu finafinai. Malamai sun yi maganganu a kan hukuncinsa, kuma fagensu ne, na bar musu. Abin da zan iya tunatarwa shi ne, koyarwa ta hanyar nuni a gaban jama'a tsohuwar hanya ce a wurinmu. Sayyidina Usman, Allah Ya yarda da shi, da ya so koyar da alwala, ruwa ya sa aka kawo ya yi ta mutane suna kallo. Da wannan nake ganin, in za mu yi, sai mu ɗaure kanmu da sharuɗɗa. Kada a kwaikwayi Annabawa ko Sahabbai. Magabata irin su Shehu da Bello da Nana, a ba da labarinsu ta bakin wani ƙagaggen mutum na gefe, kada a sa musu maganar da ba su faɗa ba. A kiyaye sutura da kunya, mata su yi wa mata a cikin gida kamar yadda jajis suka yi. Sannan sharaɗi mafi girma, kada daɗin wasa ya rinjayi gaskiyar ilimi. Ƙarfin da ke sa gaskiya ta zauna a ƙwaƙwalwa, shi ne kuma zai zaunar da kuskure in an yi sakaci. Ko Jatau da na yaba, ba duk maganin da ya lissafa ne likita zai amince da shi ba. Saboda haka kowane wasa sai malamin kimiyya ko ma'aikacin lafiya ko injiniya ya duba shi kafin a fita da shi, kuma ya tsaya a wurin don amsa tambayoyin da suka fi ƙarfin 'yan wasa.

Wani kuma zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? Gaskiya ne. Gabashin Sakkwato ya sha wuyar 'yan bindiga; ba mu manta da abin da ya faru a gundumar Gandi ta Rabah a 2018 ba, ko harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021. Amma yaran da aka raba da ƙauyukansu, waɗanda karatunsu ya yanke, su ne suka fi kowa buƙatar ilimin da zai iya zuwa inda suke. Gini ba ya tafiya, daro da ƙwarya da mutum uku kuwa babur ɗaya ya ishe su. Kuma ambaliya da tsargiya ba su jira a sami zaman lafiya kafin su zo.

Kammalawa

Ɗan uwa mai karatu, ba na cewa mu daina fatan ganin ranar da za a gina gidan kimiyya na sosai a Sakkwato, a kawo jigo a ajiye kusa da injin ban ruwa, a kawo murhun hasken rana irin wanda cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke ƙerawa, a jera su kusa da kwafin littattafan Bello na likitanci da ke cikin taskokinmu. Ina fatan haka ƙwarai. Sai dai ina tsoron in an gina shi ba tare da masu ba kayan baki ba, zai zama wani ɗakin shiru, yara su shiga a jere su fito da labarin mota. Gara mu fara tanadin mutanen tun yanzu.

Kai ɗalibin kimiyya da ke zuwa hutu gida, kai malamin firamare ko na Islamiyya, ke ma'aikaciyar asibiti, da kai da kowa ya san ka da iya ba da dariya a majalisa, ku nemi juna. Ku zaɓi matsala ɗaya da ke damun garinku, ku tambayi masana har ku fahimce ta sarai, ku nemi izinin mai gari da iyaye, ku shirya wasan minti goma sha biyar, ku gwada shi a harabar makaranta. In kun gama ku tambayi yara abin da suka gane, ku dawo bayan wata guda ku sake tambayarsu. Amsarsu ce za ta nuna muku inda za ku gyara. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon isar da shi ga waɗanda suka fi mu buƙatarsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.